Garuruwan da jirgin ƙasa bai je ba: Salaga, Yendi da Bawku

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar layin dogo na ƙasar Gana zai ga cewa ƙarfen gaba ɗaya a kudu ya taru. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa shi daga Sekondi a 1898, ya isa mahaƙar zinariya ta Tarkwa a 1901, ya kai Obuasi a 1902, ya shiga Kumasi a 1903. Reshen gabas da ya taso daga Akara ya haɗu da shi a Kumasi a 1923, sannan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 don ta karɓi abin da jirgin ke saukowa da shi. Daga Kumasi zuwa iyakar Burkina Faso kuwa babu ko taku ɗaya na dogo, har yau. Salaga da Yendi da Bawku ba su taɓa jin kukan jirgi ba, amma babu yadda za a fahimci halin da suke ciki ba tare da an yi maganar jirgin ba, domin layin da ya tsaya a Kumasi shi ne ya yanke musu rabonsu na ƙarni guda. Abin da nake son in tabbatar shi ne, babbar asarar waɗannan garuruwa ita ce abin da hukuma ta riƙa ajiyewa a gefen dogo, wato famfo da asibiti da makaranta da ofis mai ikon yanke shawara. Waɗannan kuwa ana iya kai su gari ko da jirgi bai je ba, kuma jinkirin kai su ba shi da uzuri.

Kafin zuwan Turawa, Salaga ce sunan da Bahaushe ke nufi in ya ce za shi Gwanja. Goro yana fitowa ne a kurmin ƙasar Asante, masu cinsa kuwa suna Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, saboda haka dole a sami wurin da mai goro da mai saye za su haɗu. Sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su kutsa cikin kurmi ba, sai suka mayar da Salaga bakin kasuwa tun farkon ƙarni na 19. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ya kan tashi da jakuna ɗaruruwa a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, malamin ayari na duba ranar tashi, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu, ko su ratsa ta Sansanin Mango su sauko Yendi, tafiyar watanni kafin su sauke kaya a Salaga. Suna kawo kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, su koma da goro a nannaɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa a kowane zango don kada ya bushe. Yendi, fadar Ya-Na sarkin Dagwamba, babban zango ne a wannan hanya. Bawku kuma tana kan hanyar da ke gangarowa daga ƙasar Mosi da Gurma, ta masu shanu da tumaki, shi ya sa har yanzu Hausa ce harshen ciniki a kasuwarta.

Abin lura a nan shi ne Salaga ta wancan zamani tana da tsarin mulki da na hidima daidai da bukatarta. Sarauta tana Kpembe, ɗan nesa kaɗan da kasuwa, inda Kpembewura yake zaune yana karɓar haraji yana tsare hanya. Cikin gari kuwa masu gida ne ke riƙe da al'amura: su ke saukar da baƙo, su ajiye masa kaya, su nemo masa dillali, su tsaya masa in za a ba shi bashi. Malamai suna raba gardama suna koyar da yara, har garin ya yi suna wajen karatu. Ruwa shi ne babbar matsala a ƙasa mai dogon rani, sai aka haƙa rijiyoyi barkatai waɗanda Bafaranshen nan Binger ya ba da labarinsu bayan ya ziyarci garin a 1888, wasunsu kuma suna nan har yau. Ba zai yiwu a faɗi wannan a ɓoye ɗaya gefen ba: Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma wani kaso mai yawa na arzikinta daga sayar da mutanen da aka kamo a ƙasar Gurunshi da maƙwabtanta ya fito. Kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da suka yi wannan kamu, yana Yendi, inda ya rasu a 1907. Don haka ba marmarin tsohuwar Salaga nake yi ba. Ina dai nuna cewa gari ne da ya san yadda ake ciyar da dubban baƙi a shayar da su, tun ba a san wani abu wai shi gwamna ba.

Mai ja da wannan magana zai ce ai Salaga ta faɗi tun kafin a kafa ƙusa ɗaya ta dogo a Sekondi, kuma yana da hujja. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanja ta balle daga ikon Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rubuta labarin wannan yaƙi, ya kuma ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Sannan Ingila da Jamus suka yi ta ja-in-ja a kan yankin, Jamusawa suka karya rundunar Dagwamba a Adibo a watan Disamba na 1896 suka ƙone Yendi, yarjejeniyar 1899 kuma ta ba Ingila Salaga ta ba Jamus Yendi, aka raba Dagbon, masarautar Dagwamba, gida biyu har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk wannan gaskiya ne. Amma yaƙi da ƙaura ba baƙon abu ba ne ga kasuwannin Sudan ta Yamma, sau da yawa gari kan watse ya sake taruwa muddin hanyar tana nan. Abin da ya hana Salaga sake taruwa shi ne hanyar ce kanta ta mutu. Da jirgi ya iso Kumasi a 1903, goro ya samu hanyar gangarawa teku, a ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar da ayari ke yi a watanni ta koma ta makonni kaɗan. Rayuwar Alhassan Ɗantata ta isa misali: ɗan Agalawa ne daga Bebeji, ya gaji fataucin Gwanja, amma arzikinsa ya bunƙasa ne da ya koma safarar goro ta teku, daga baya kuma ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano bayan isowar jirgi. Dabara da jarin da suka gina Salaga ba su ɓace ba, sun bi dogo ne suka bar ta.

An yi niyyar kai layi arewa. Gwamna Guggisberg, wanda ya mulki Gold Coast, wato Gana ta yau, daga 1919 zuwa 1927, ya sa shi cikin shirinsa, an kuma yi awon hanya, amma bayan tafiyarsa da karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 aka ajiye maganar. Dalilin da ake bayarwa shi ne arewa ba ta da kayan da za su biya kuɗin jirgi. Dogon mulkin mallaka an yi shi ne don zinariya da manganis da katako da koko, arewa kuwa abin da ake so daga gare ta shi ne ƙarti: 'yan ƙwadagon mahaƙai, leburorin gonakin koko, sojoji da 'yan sanda, kuma waɗannan da ƙafarsu suke zuwa. Illar wannan lissafi ba ta tsaya ga sufuri ba. Inda jirgi ya tsaya a nan ake kafa gidan waya da asibiti da famfo da rukunin gidajen ma'aikata, 'yan mishan su buɗe makaranta, kamfanoni su gina kanti. Kudu ta sami makarantar sakandare tun 1876 a Cape Coast, wadda ta zama Mfantsipim. Arewa kuwa makarantar gwamnati ta farko sai 1909 a Tamale, sakandare ta farko kuma sai 1951, shekara shida kacal kafin samun 'yancin kai. Tazarar shekara 75 a ilimi tana nufin a ranar da aka raba muƙaman sabuwar ƙasa, ɗan Salaga da ɗan Bawku ba su da isassun mutane a teburin da ake rabon.

Salaga ta sake shan irin wannan kaye sau biyu, kuma duka biyun da alƙalamin hukuma aka yi su. A 1907 Turawa suka ɗauke hedikwatar yankin arewa daga Gambaga suka kai Tamale, wadda a lokacin ba ta kai Yendi ko Salaga suna ba. Ofisoshi da bariki da babban asibiti suka taru a can, yau Tamale ce babban birnin arewa, Yendi kuma mai sarautar ƙasar tana kimanin kilomita 100 a gabas da ita. Duk da haka Salaga ta ɗan farfaɗo, saboda babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta bi ta Mampong da Atebubu, a yi fito a Yeji, a ratsa Salaga. Sai aka gina madatsar ruwa ta Akosombo tsakanin 1961 da 1965. Tafkin Volta ya cika ya shanye tsohuwar Kete-Krachi, ya mayar da mashigar Yeji ruwa mai faɗi da sai jirgin fito ke ƙetarawa zuwa Makango, babbar hanya kuma ta koma yamma ta Techiman da Kintampo da Buipe. Lantarkin da madatsar ta samar ya haska Akara da Tema da masana'antar sanholo nan da nan, arewa kuwa ta jira fiye da shekara 20 kafin babban layin wuta ya iso ta. Garin da aka datse wa hanya don a yi wuta shi ne ya zauna a duhu.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi ta farko ƙarfi, domin daga cikin maganata take fitowa: in rashin dogo ne ya jawo wannan, ai maganin shi ne a gina dogon. Akwai ma binciken da ke goyon bayan haka. Masana tattalin arziki biyu, Jedwab da Moradi, sun kwatanta wuraren da layin Gana ya ratsa da wuraren da aka tsara zai bi amma ba a gina ba, suka tarar cewa na farkon sun fi girma da arziki, kuma fifikon ya ɗore ko bayan jiragen sun daina aiki sosai. Shirin dogo na gwamnatin Gana ma ya zana layin gabas daga Tema ya bi ta Hohoe da Yendi da Tamale har Paga, da reshe zuwa Sheini inda ake da tama. Ba na adawa da wannan layi, doya da shinkafa da kaɗanya da shanun arewa za su amfana da shi. Sai dai a dubi lissafi. Kashin farko, daga Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97 ne, ya ci kimanin dala miliyan 447 na bashin Indiya, ba a kuma ƙaddamar da shi ba sai 2024. Daga Mpakadan zuwa Yendi akwai sauran ɗaruruwan kilomita, Salaga da Bawku kuwa ba sa kan babban layin. Yaron da aka haifa yau a Bawku zai iya gama sakandare bai ga jirgin ba. Shi kansa binciken, in an karanta shi da kyau, abin da yake nunawa shi ne garuruwan sun ɗore ne saboda gine-gine da jama'a da hidimomin da suka taru a gefen layi, tunda jirgin ya tsaya su ba su watse ba. Arewacin Najeriya ma shaida ce. Dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, garuruwan suka cika da kamfanonin gyaɗa da fatu. Da jirgi ya yi rauni, abin da ya riƙe su shi ne zamansu hedikwatar ƙaramar hukuma, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura, da babban asibitin tarayya a Nguru. Kuma layin da aka zana don ɗaukar tama daga Sheini zuwa teku ɗan'uwan wanda aka zana don zinariyar Obuasi ne, yana iya wucewa ta bayan gari da dare bai sauke komai ba.

To wa ke da alhakin kai hidimar? A takarda, majalisun gundumomi. Dokar 1988 ta kafa guda 110, yau sun kai 261. Salaga ce hedikwatar majalisar Gabashin Gwanja a sabon yankin Savannah da aka ƙirƙira a 2019, Yendi da Bawku ma kowacce tana da tata majalisar mai matsayin birni. Kundin tsarin mulki na 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun. Amma tsarin yana da tawaya biyu masu girma. Ta farko, shugaban gunduma ba zaɓaɓɓe ba ne, shugaban ƙasa ke naɗa shi, 'yan majalisa su amince da kashi biyu cikin uku, alhali kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan majalisar ma naɗaɗɗu ne. Wanda aka naɗa daga Akara, Akara yake kallo. An shirya ƙuri'ar raba gardama kan gyaran zaɓen ƙananan hukumomi a watan Disamba na 2019, aka soke ta ana saura makonni kaɗan. Ta biyu, manyan hidimomi ba a hannun majalisa suke ba. Ruwan famfo na manyan garuruwa yana hannun kamfanin ruwa na ƙasa, manyan hanyoyi suna hannun hukumar hanyoyi, malamai da ma'aikatan jinya daga sama ake turo su a kuma biya su. Abin da ya rage wa majalisa shi ne kuɗin rumfar kasuwa da na tashar mota da na kara, sai kason asusun ƙasa wanda ya saba zuwa a makare. An yi ta yanka gundumomi don a kusantar da mulki: an cire Kpandai daga Gabashin Gwanja, an cire Mion daga Yendi, an cire Garu da Pusiga da Binduri daga Bawku. Wannan kamar ƙara yawan akussa ne alhali tuwon bai ƙaru ba, domin kowace sabuwar gunduma sai ta fara gina ofis da gidan shugaba ta sayi mota kafin ta haƙa rijiya ɗaya.

Akwai kuma masu cewa mutanen yankin su suka kori ci gaba da rikicinsu na sarauta. Ba zan raina wannan ba, don an zubar da jini mai yawa. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja ya taɓa Salaga da Yendi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa, gidajen sarautar biyu, gidan Abudu da gidan Andani, suka shafe shekara 17 ba a naɗa sabon sarki ba, sai a Janairun 2019 da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene, sarkin Asante, ya kai ga naɗin Ya-Na Abukari na Biyu. A Bawku rigimar Kusasi da Mamprusi ta sa dokar hana fita ta zama ruwan dare, 'yan kasuwa suna ƙaura, ma'aikatan da aka turo suna neman canjin wuri. Amma a dubi tarihin ita rigimar Bawku. Tsarin mulkin En'e na shekarun 1930 ne ya ɗora sarkin Bawku a kan sauran sarakunan yankin, gwamnatin Nkrumah ta goyi bayan ɓangare ɗaya a 1958, sojojin da suka kifar da ita suka juya hukuncin a 1966, gwamnatin Rawlings ta sake juya shi a 1983. Hannun gwamnatin tsakiya yana cikin kowane zagaye. Sannan a garin da babu masana'anta, aikin albashi kuma ƙalilan ne, sarauta ce ke riƙe da ƙasar noma da filin gini da ikon kasuwa, don haka wanda ya rasa ta gani yake ya rasa komai. Rikici yana korar hidima, haka ne, amma rashin hidima da rashin aikin yi ne ke tsawwala farashin kujerar da ake faɗa a kanta, su ne kuma ke samar da samarin da za a ba bindiga.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da aka riga aka yi a wannan ƙasa ba tare da jirgi ba. Makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa ta taɓa korar ƙauyuka daga kwarin Farin Volta a kewayen Bawku, shirin yaƙi da ita da aka fara a 1974 ya sa mutane suka koma gonakinsu. Asibitin Presbyterian na Bawku ya yi suna wajen aikin ido, har daga Togo da Burkina Faso ake zuwa. Kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoman Gwanja da Dagbon a daidai lokacin huɗa, an ga ƙarshensa a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015, kuma da matatar ƙyalle da rijiyar burtsatse da 'yan sa kai na ƙauye aka ci wannan yaƙi. Tsarin zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye, wanda yanzu ya game ƙasar, a Navrongo aka fara gwada shi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira dogo, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin dogo ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne an sa musu manufa guda, an ba su kuɗi a kan kari, an kuma ɗora aikin a kan mutanen da ke zaune a wurin. Yendi har yanzu ta dogara ne ga kogin Daka, wanda ke janyewa da rani ya bar mata da yara da jarkoki, bayan alkawuran sabon aikin ruwa da aka sha yi. Manomin doya na Salaga yana bukatar jirgin fito mai tashi a kan lokaci tsakanin Makango da Yeji da hanya mai kwalta har Tamale da Bimbilla, mai albasar Bawku yana bukatar hanyar Bolgatanga da zai bi ba tare da rakiyar soja ba. Waɗannan ayyuka ne da ake iya gamawa cikin wa'adin gwamnati ɗaya, in aka saki kason gundumomi a kan kari, aka kuma bar mutanen Salaga da Yendi da Bawku su zaɓi shugaban gundumarsu da kansu, su iya sauke shi in famfo ya ƙafe.